Aikin mataimakin nesa: Dalar da ake hange da hanyar da masu talla ba sa faɗa

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, wani irin talla ya yawaita a wayoyin jama'a. Za a ga hoton saurayi ko budurwa a gaban kwamfuta, a ƙasa an rubuta cewa cikin mako shida ko takwas mutum zai koyi aikin da zai riƙa kawo masa dala yana zaune a ɗakinsa. A Turance ana taƙaita sunan aikin da haruffa biyu, VA. Ma'anarsa mataimakin nesa, wato wanda ke yi wa wani hidimar ofis ta intanet ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Ba abin mamaki ba ne da tallan ya samu masu saurare. Dalar da ake canzarwa a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban wannan shekara. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai cika dala 50 ba a lokacin. Magidancin da ke da 'ya'ya biyu ko uku da suka gama jami'a suna zaune a gida, in aka ce masa akwai aikin da awa goma a cikinsa ta fi albashin wata, dole ya tsaya ya saurara. Da yawa sun saurara, sun biya kuɗin kwas, an ba 'ya'yansu satifiket, har yanzu kuma ana jiran kwastoman farko.

Aikin kansa gaskiya ne. Mai ƙaramin kamfani a Birtaniya, ko dillalin gidaje a Amurka, ko likita mai asibitin kansa, yana da tarin ƙananan ayyuka da ke cinye masa yini: amsa saƙonnin imel, tsara wanda zai gani da ƙarfe nawa, yankar tikitin jirgi da kama ɗakin otal, shigar da sunaye da lambobi cikin teburin Excel, aika wa waɗanda yake bi bashi takardar tuni, ɗora hotunan kaya a shafin kasuwancinsa. Idan ya ɗauki sakatare a garinsu, sai ya biya shi albashin ƙasar, ya ba shi tebur da kujera, ya biya masa inshora da kuɗin fansho. Idan kuwa ya ɗauki wani a wata nahiya, awannin da aka yi masa kawai zai biya, ranar da ya ga dama kuma ya sallame shi da saƙo guda. Wannan araha ita ce tushen sana'ar baki ɗaya. Wanda zai shige ta gara ya sani tun daga bakin ƙofa cewa an neme shi ne domin ya fi na can sauƙin kuɗi, kuma ba hutu, ba fansho, ba ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan hidima tun kafin zuwan intanet. Akwai marubutan wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya da ƙofar kotu. Akwai malamin da attajiri ke ajiyewa ya riƙe masa littafin shiga da fita, da yaron shagon da ake aika banki da kuɗi a jaka ba a tsoron ya karkata. Dukansu abin da ya ba su gurbi shi ne maigida ya san gidansu, ya san iyayensu, ya kuma san wanda zai kama idan wani abu ya ɓata. Mataimakin nesa yana neman irin wannan matsayi ne a wurin maigidan da ke zaune a Landan, wanda bai san unguwarsu ba, bai san ko sunan da ya gani na gaskiya ba ne, amma za a nemi ya miƙa masa kalmar sirrin imel ɗinsa da jerin sunayen kwastomominsa. Hajar da ake sayarwa a nan ita ce amana, kuma babu kwas ɗin mako shida da ke bayar da ita.

Kasuwa mai masu ita

Abu na farko da masu talla ke tsallakewa shi ne kasuwar ta daɗe da ci. Ƙasar Filifin ta shafe fiye da shekara 20 tana gina masana'antar yi wa kamfanonin waje hidimar ofis da amsa kiran kwastoma, wadda a yau take ɗauke da ma'aikata fiye da miliyan ɗaya da rabi. Littafin da wani Ba'amurke, Tim Ferriss, ya fitar a 2007 mai suna The 4-Hour Workweek ya taimaka wajen cusa wa ƙananan 'yan kasuwar Amurka ra'ayin miƙa ayyukansu ga mataimaka a Asiya. Har akwai dandali guda, OnlineJobs.ph, da aka kafa domin ɗaukar 'yan Filifin kaɗai. Bayansu ga Indiya da Pakistan da Kenya. Saboda haka matashin Kano ko Gombe da ya aika takardar neman aiki yau, yana layi ɗaya da mutanen da suka shekara biyar ko goma suna wannan hidima, wasunsu kuma a shirye suke su karɓi ƙasa da abin da shi zai nema.

Inda Najeriya ta fi su kuwa shi ne agogo. A watannin da Birtaniya ke tura agogonta gaba, lokacin Landan da na Kaduna ɗaya ne. A sauran shekara awa ɗaya ce tsakani. Birnin Niyok yana bayan Najeriya da awa biyar ko shida gwargwadon yanayi, wato ƙarfe tara na safe a can ƙarfe biyu ne ko uku na rana a nan, a tashi aiki wajen goma ko sha ɗaya na dare. Ɗan Manila da ke yi wa wannan ofis aiki kwana yake yi a zaune, domin awa 12 ko 13 ce tsakaninsu. Wannan dama ce ta gaske, kuma mai neman aiki ya kamata ya rubuta ta a layin farko na takardarsa. Sai dai tana da nata nauyi: wanda ya karɓi aikin Amurka ya sani cewa la'asar da magariba da isha duk a cikin awannin aikinsa za su faɗo, sai ya faɗa wa kwastoma tun ranar farko cewa akwai mintunan da zai riƙa tashi. Yawanci abin da ke ɓata irin wannan hulɗa shi ne a ɓace ba sanarwa.

Akwai wata damar da Arewa ke da ita wadda ba a cika kallo ba, wato Larabci. Riyad tana gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku. Matashin da ya fito daga makarantar Islamiyya mai ƙarfi ko sashen Larabci na jami'a, idan ya haɗa da Turanci mai tsabta da sanin kwamfuta, yana riƙe da abin da ɗan Manila ba shi da shi. Kamfanonin tafiye-tafiyen Umra da Hajji da masu sayo kaya daga Dubai kullum suna cikin musayar saƙonni da otal-otal da dillalan can.

Lissafin da ba a kammalawa

A ɗauki misali. Wata budurwa ta samu kwastoma mai biyan dala biyar a kowace awa, awa 20 a mako. A wata za ta tashi da dala 400, kimanin Naira 600,000 idan aka lissafa a kan 1,500. Nan masu talla ke tsayawa.

Daga ciki dandalin da ya haɗa su zai cire nasa kamasho. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na abin da aka biya. Upwork ya kasance yana ɗaukar kashi 10 tun 2023, sannan a 2025 ya koma tsarin da kamashon ke sauyawa daga aiki zuwa aiki har zuwa kashi 15. Kamfanin da zai ɗauko kuɗin zuwa Najeriya zai ci nasa, a kuma canza mata su a farashin da bai kai na kasuwa ba. Sai data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mai wannan aiki ba ya dogara da layi ɗaya. Sai ya ajiye na biyu daga wani kamfani, domin ranar da sabis ya ɗauke ana tsakiyar ganawa ta bidiyo babu uzurin da zai karɓu. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya warware wa wasu matsalar, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin mai farawa.

Babban dutsen shi ne wuta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A daga Naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, su ne kuma aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Sauran unguwanni sai abin da suka gani. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda a duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. A watan Maris na wannan shekara wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma suka shiga halin ni-'yasu. Kafin nan, a Satumban 2021, an rufe hanyoyin sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin makwabta saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shafi ƙwazon ma'aikaci ba, amma kowanne ya isa ya raba shi da kwastoman da ya yi wata uku yana nema. Saboda haka jarin gaskiya na sana'ar shi ne kwamfutar hannu mai batir mai lafiya, da ƙaramar sola da inbata, da abin saƙalawa a kunne mai rage hayaniya. Iyayen da ke da ɗan abin da za su kashe sau ɗaya tak, nan ya fi cancanta su sa shi kafin kuɗin kwas.

Ba wai karatun ba shi da amfani ba. Sai dai mafi yawan abin da ake sayarwa a kwasa-kwasan nan, irin sarrafa Gmail da Google Calendar da Zoom da Canva da Trello, kamfanonin da suka yi manhajojin sun ajiye darussansu kyauta. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin Ma'aikatar Sadarwa da hukumar NITDA domin horar da matasa fasahar zamani ba tare da sun biya ba, cibiyar ALX ma ta gudanar da horo na musamman kan aikin mataimakin nesa. Abin da ya fi wahalar koyo, wanda kuma ya fi yanke hukunci, shi ne rubuta Turanci gajere, mai ladabi, mara kuskure. Kwastoma na iya yafe wa wanda bai san wata manhaja ba, domin kwana biyu sun isa a koye ta. Wasiƙar da ta fita da sunan kamfaninsa cike da kurakurai ita ce ba ya yafewa. A nan ne raunin makarantun gwamnati na Arewa ke biyo matashi har cikin ɗakinsa.

Maigidan zamani

Wanda ya san tsohon fataucin goro da na shanu zai gane aikin da Upwork da Fiverr ke yi ba tare da dogon bayani ba. Baƙon falke yakan sauka a gidan maigida. Shi zai ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya lamuni idan an ɗauki kaya bashi, a ƙarshe ya ci la'adarsa. Dandalin intanet ma haka yake yi: yana riƙe kuɗin kwastoma a hannunsa har a gama aiki, yana sasanta rigima, yana cin la'ada. Bambancin shi ne maigidan dā da bakinsa yake shaidar mutum, na yanzu kuwa da taurarin da tsofaffin kwastomomi suka bayar. Mai farawa ba shi da tauraro ko ɗaya. Ba a ba shi aiki saboda ba shi da shaida, ba ya samun shaida saboda ba a ba shi aiki ba.

A Upwork, wanda ya samo asali daga haɗewar kamfanonin Elance da oDesk ya kuma ɗauki wannan suna a 2015, neman aikin ma da kuɗi ake yi. Akwai wasu tikiti da ake kira Connects, kowanne senti 15, kuma takardar neman aiki guda na cin da dama daga cikinsu. Mutum na iya aika takarda 30 ba a amsa masa ko ɗaya ba, kuɗin kuma sun tafi. Wannan ne ke tura wasu ga gajeriyar hanya: hayar asusun wani da ke zaune a Turai, ko amfani da manhajar ɓoye wuri don a nuna kamar daga Kanada ake magana. Dokokin dandalin sun haramta duka biyun, kuma ranar da aka gano za a rufe asusun, wani lokaci da kuɗin aikin da aka riga aka yi a cikinsa. Ban da haka, wanda ya fara hulɗar amana da ƙaryar inda yake ya rushe abin da ya zo sayarwa.

Dole a ambaci wani nauyi da ɗan Najeriya ke ɗauke da shi ba da laifinsa ba. Lamba 419, sashen dokar laifuka da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, ta zama kalmar da aka sani a duniya. Akwai kwastomomin da ganin tutar ƙasar kaɗai ke sa su wuce. Maganin da ke hannun mai farawa shi ne ya bayyana da fuskarsa da sunansa na gaskiya, ya yarda a yi ganawa ta bidiyo, ya karɓi ƙaramin aikin gwaji da za a biya shi, ya kuma nuna ya san haƙƙin bayanan mutane. Najeriya na da dokar kare bayanai tun watan Yunin 2023, Turai da Birtaniya kuma nasu dokokin sun fi tsanani. Ɗaukar hoton jerin kwastomomin wani a tura wa aboki a WhatsApp, ko da wasa ne, na iya jawo wa maigidan tara mai nauyi.

Sai kuma ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, ayyukan da mai farawa ke shiga da su, irin rubuta amsar imel, taƙaita bayanan taro, mayar da magana rubutu da kwafe lambobi daga takarda zuwa tebur, na'ura na yin su cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya ce shigar da bayanai kaɗai ya iya ya zo kasuwa ana nannaɗe tabarmi. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne aikin da ke buƙatar hankali da ɗaukar alhaki: gane wane saƙo ne ba zai kwana ba, lallashin kwastoman da ya fusata, duba abin da na'urar ta rubuta kafin ya fita, bin mai kawo kaya har ya kawo. Shi ya sa masu daɗewa a sana'ar sukan kama fanni guda su ƙware, kamar riƙe littafin kuɗi da QuickBooks, ko kula da shagon Shopify, ko hidimar ofishin dillalan gidaje. Mai digirin akanta da ya bi ta farko yana kan ƙasa mafi tauri fiye da wanda ya rubuta cewa komai yana yi.

Kuraye a bakin hanya

Duk inda masu neman aiki suka taru, 'yan damfara na kusa. Salon da ya fi yawa shi ne saƙon da ke shigowa ta WhatsApp ko Telegram daga lambar da ba a sani ba, ana tayin aikin latsa bidiyo ko ba wa otal taurari. Za a biya mutum 'yan dubbai a ranar farko don ya saki jiki, sannan a ce ya zuba nasa kuɗi kafin a buɗe masa babban mataki. Mutanen da suka ga rushewar MMM a 2016 da ta CBEX a Afrilun 2025 sun san ƙarshen wannan labari. Ƙa'idar ba ta da wuya: mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya, ba a biyansa kuɗin rajista ko na kayan aiki.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba a nemi ko kwabo a hannun mutum ba. Za a ɗauke shi a matsayin mataimaki, a ce aikinsa karɓar kuɗi a asusunsa ya tura wa wani, ko ya buɗe asusu da sunansa ya miƙa, ko ya riƙa hira da baƙi da hoton da ba nasa ba. Wannan safarar kuɗin haram ce da damfara, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 da dokar laifukan intanet ta 2015 suna kama mai asusun, ko da ya ce bai sani ba sai ya sha bayani a gaban masu bincike. A watan Disamban 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas, cikinsu har da 'yan ƙasashen waje kusan 200. Hukumar ta ce 'yan Najeriyar da ke ciki an ɗauke su ne aka ba su kwamfuta su riƙa janyo mutanen waje cikin soyayyar ƙarya da zuba jarin bogi. Uba ya tambayi ɗansa wane ne yake yi wa aiki, me kamfanin ke sayarwa, ta ina kuɗin ke shigowa. In amsoshin sun yi ta zamewa, akwai lauje cikin naɗi.

Kuɗin halal ɗin ma kafin su iso hannu akwai tafiya. Fiverr yana riƙe su kwana 14 bayan kammala aiki. PayPal, wanda Turawa suka fi sabawa da shi, ya shigo Najeriya a 2014 amma ya shafe shekaru yana barin masu asusun kansu su aika kuɗi kawai ba su karɓa ba, abin da ya sa ma'aikatan nesa suka karkata ga Payoneer da kamfanoni irin su Grey, ko asusun dala na bankunan gida. Duk wanda aka zaɓa, sunan da ke kan asusun dole ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na BVN. Harafi ɗaya da ya sha bamban tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsare kuɗi makonni. Haraji kuma ya shigo maganar: sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025 ta yafe Naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara, amma mazaunin Najeriya ana lissafa masa duk abin da ya samu ko daga wace ƙasa ya fito. Mai karɓar dala 400 a wata ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, ya kamata kuma ya riƙa ajiye lissafinsa tun watan farko.

Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa

Ga ma'aikacin gwamnati da ke tunanin yin wannan aiki bayan an tashi daga ofis, akwai katangar da masu talla ba su taɓa ambata ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kai, in ban da noma. Kowa ya san ana taka wannan doka dare da rana, daga mai shagon magani zuwa mai motar haya, kuma albashin da ake biya shi ne babban lauyan masu taka ta. Duk da haka tana nan a rubuce, akwai kotu ta musamman da ke hukunci da ita, kuma aikin intanet yana barin sawu fiye da shagon da aka rubuta da sunan uwargida: suna, hoto, awannin aiki da kowace dala da ta shigo duk a ajiye suke. Wanda ke da abokin hamayya a ofis ya ba shi sanda. Kafin ya buɗe asusu gara ya nemi bayani a rubuce daga sashen mulki na ma'aikatarsa ko daga lauya. Yin aikin da kwamfutar gwamnati ko a cikin awannin gwamnati kuwa ba ya buƙatar fatawa.

Abin ban sha'awa shi ne mutanen da suka fi dacewa da sana'ar suna cikin wannan rukuni, sai dai a ƙarshen hanyarsu. Sakatariyar da ta yi shekara 35 tana tsara wa manyan sakatarori jadawali, tana rubuta bayanan taro, ta san takardar da za ta shiga da wadda za ta jira, ta kuma iya riƙe sirri, tana da abin da matashi zai shekara yana koyo. Bayan ritaya babu dokar da ta ɗaure ta. Abin da ya rage mata manhajoji ne, jikanta na iya nuna mata su a hutun makaranta guda.

Ga mai farawa kuwa, hanyar fita daga tarkon rashin shaida ta fi kusa da yadda ake zato. A Kantin Kwari da Singa da Farm Centre da Dawanau, da kasuwar Wuse da babbar kasuwar Kaduna, ciniki mai yawa ya koma waya. Ɗan kasuwa na tsaye da kwastoma a gabansa, saƙonni 50 na jiransa a WhatsApp daga Maraɗi da Yola da Legas, wanda bai samu amsa cikin awa guda ba ya tafi shagon gaba. Akwai matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan ɗaki ta Instagram daga gidajensu, lissafinsu duk a ka yake. Akwai makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da ke ɓatar da kuɗi saboda babu mai bin bashi. Dukansu masu buƙatar mataimaki ne, da Hausa za a yi aikin, babu kamashon dandali, babu canjin kuɗi, kuma a nan tsohuwar hanyar shaida tana aiki, domin Alhaji ya san mahaifin yaro.

Naira za a biya, kuma ba mai yawa ba. Amma wanda ya yi wata huɗu yana riƙe wa mai shagon yadi littafin kaya da amsa kwastoma zai fito da abin nunawa: ga yadda lissafin yake kafin ya zo, ga yadda ya koma, ga lambar maigidan a kira a tambaya. Wannan ya fi satifiket nauyi a idon kwastoman waje. Matakin da ke biye shi ne 'yan Najeriya mazauna Birtaniya da Amurka da Saudiyya masu ƙananan sana'o'i, waɗanda tutar ƙasar ba ta tsorata su, kuma galibi ta bakin dangi suke ɗaukar mutum.

Ɗan kasuwar da zai gwada wannan tsari shi ma yana da abin kiyayewa. A rubuta aikin da ladan da ranar biya a takarda, ko da ɗan ƙanensa ne. Layin wayar kasuwanci ya kasance da sunan mai shagon aka yi masa rajista, a haɗa wa mataimakin WhatsApp ɗin a kwamfutarsa ta yadda za a iya cire shi ranar da aka rabu. Kuɗin kwastoma su faɗa asusun shago kai-tsaye, mataimaki ya ga shaidar biya ya rubuta, lambar sirrin banki kuma ta zauna a wurin mai ita. A ƙarshen kowane mako a zauna rabin awa a gwada abin da ke cikin teburin lissafi da abin da ke kan kanta.